Daga Ƙanƙara zuwa Faskari kafin a gama sallama

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya ba ni harshe, shi kuma zai tambaye ni abin da na yi da shi. Ni Hurera, matar Ladan na Ƙanƙara, ban taɓa zama a benci na makaranta ba, ko baƙi ɗaya na rubutun boko ban sani ba. Ɗiyata Binta ke riƙe da alƙalami, na kuwa gargaɗe ta yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara mani magana don ta yi mani sutura. Wannan babin naku ne jikokina, na Ƙanƙara da na Sabuwa, ku da kuka tashi ba ku san ƙofar gidan juna ba. Ku na Ƙanƙara an ce maku baffanku Sada ya yi boko ya raina ubanshi. Ku na Sabuwa an ce maku kakanku ya kori ubanku a kan maganar littafi. Masu faɗa maku haka ba su cikin gidan ranar da abin ya faru. Ni ina ciki, kuma ta bakina ya bi.

Tun ina budurwa aka san ni da baki. Ba alfahari ba ne, ko ma alfahari ne ku bar ni da shi, na tsufa. In ana daka na fara labari, sai a bar taɓarya tsaye a turmi. In na shiga gidan suna, mata su matsa su ba ni tsakiyar tabarma tun ban gama gaisuwa ba. Ina da ɗabi'a guda wadda kowa ya sani: labari ba ya fita bakina yadda ya shiga kunnena. In na ga kunama a bakin rijiya, kafin in iso gida ta kai girman kaza, ta kuma yi mani magana. Mata suka sa mani Hurera mai gishiri. Suna faɗa suna dariya, ni ma ina dariya, amma can ƙasan zuciyata sunan yana sukata, don ko rasuwa na kawo labarinta sai an aika wani ya tabbatar.

Kakanku kuwa, Malam, mutum ne da ba ya ɓarnar magana. Ya fi shekara talatin yana kiran sallah a masallacin unguwarmu, bai taɓa ɗaura agogo ba. Da ƙafarshi yake sanin lokaci. Akwai wani fili mai tsabta a gefen masallaci, nan yake tsayawa ya juya ma rana baya, ya duba inda inuwar kanshi ta tsaya, sannan ya taka, dunduniya na bin yatsa, yana ƙirgawa. Tsawon mutum taku bakwai ne na ƙafarshi. Ya san inuwar da ke saura da tsakar rana a kowane wata, ya san in ta fara ƙaruwa azahar ta yi, in ta ƙaru da bakwai la'asar ta shiga. Wurin ubanshi ya gada. Mahauta da shi suke sanin lokacin rufe rumfa, mata da muryarshi suke ɗora tukunyar tuwo. Ba shi da shanu, ba shi da rawani, wannan aikin shi ne duk girmanshi a garin.

Sai shekarun nan suka zo da aka ce ƙasa ta samu arzikin mai. Ku ba ku gani ba. Komai aka taɓa. Kuɗin da muka sani aka karɓe aka kawo wasu, motoci aka ce su koma ɗaya hannun, duwatsun bakin hanya da ke nuna mil aka goge aka rubuta kilomita. Samari suka watsar da gonar gyaɗa suka bi aikin hanya da na gini, suna dawowa da rediyo a kafaɗa da agogo a hannu. Gwamnati ta buɗe makarantu har a ƙauyukan da ba su da kasuwa, ana neman malamai ido rufe. A lokacin Sada ya gama makarantar horon malamai, aka ba shi aji a nan Ƙanƙara. Shi ne na ukuna, don haka babu kunyar ɗan fari tsakaninmu. Duk cikin 'ya'yana shi ya ɗauko bakina, sai dai nashi bakin da awo yake tafiya.

Wata Asabar da hantsi ina kaɗi a inuwar ɗaki, shi yana zaune kan kujera 'yar tsugune yana shirya abin da zai koyar. Na ji yana ƙus-ƙus da wasu lambobi.

"Kai da wa kake faɗa?" na ce.

"Inna, gudun duniya nake lissafawa."

"Gudun duniya ai sai waliyyai. Kai da ka sayi keke jiya?"

Ya yi dariya har littafin ya zame. Ya ce ba wannan gudun ba, ita duniyar ce ke gudu, ƙasar nan da muke zaune a kai, tana kewaya rana sau ɗaya a shekara. Na ce to, ai akuya ma tana kewaya turke, ba wanda ya ce ta yi tafiya. Sai ya taso ya kife ƙwarya a ƙasa ya ce ita ce rana. Ya karɓi zaren da nake kaɗawa, ya shimfiɗa shi kewaye da ƙwaryar har bakinshi ya haɗu. Ya ce wannan ita ce hanyar shekara guda. Sannan ya ɗauke zaren ya miƙe shi tsakanin hannuwanshi biyu.

"Kin ga, in aka miƙe zagaye ya zama hanya. Masana sun auna tsawonta. Sai a raba ta gida ɗari uku da sittin da biyar, a samu tafiyar yini da kwana. A sake raba wannan gida ashirin da huɗu, a samu ta awa guda. A yi ta rabawa har a kai daƙiƙa."

"Sai a samu mi?"

"Kilomita talatin a daƙiƙa ɗaya."

Na ci gaba da kaɗina. Na ce mashi ni ban san kilomita ba, baƙuwa ce a garin nan, ko gaisawa ba mu yi ba. Ya ɗauki kara ya yi ta zane a ƙasa, ya ce to da mil, sha takwas da rabi ke nan. Na ce mil na san shi a bakin direbobi, amma ban taɓa ɗaukar shi a kaina ba. Ya ce in aka mayar da shi irin na allurar mota, mil dubu sittin da bakwai ne a awa, alhali babbar motar da ke kai hatsi kasuwa in ta yi arba'in fasinja sun fara salati. Na ce duk na ji, amma lambobin nan nashi ba su da ƙafa. Ni abin da na sani tafiya. In yana so in gane, ya ba ni da tafiya.

Ya gyara zama.

"Inna, da kina zuwa Faskari a ƙasa, yaya kike yi?"

"In fita bayan asuba, in sha ruwa a 'Yargoje, in kwana a hanya wurin 'yan'uwa, in shiga Faskari da hantsi ƙafa ta kumbura."

Ya yi ɗan zane, ya goge, ya sake. Ya ɗaga hannu ya kafa ma agogonshi ido.

"Yi sallama."

"Da wa? Ba ga ni cikin gidana ba?"

"Ke dai yi."

"Salamu alaikum."

"Kin isa Faskari."

Mazari ya tsaya a hannuna. Ya ce in ƙara wa rahmatullahi wa barakatuhu. Na ƙara. Ya ce na shiga ƙasar Sabuwa. Jikokina, na sha jin abin mamaki, na kuma sha ƙirƙirar shi da kaina, amma ban taɓa jin irin na ranar ba. Na dafa ƙasa da tafin hannu. Na ce to mi ya hana tuluna faɗuwa? Ya ce in mota na tafiya sumul a kan kwalta, mai fura a ciki ba ta zubar da ko ɗigo sai an taka birki, ita kuwa wannan Allah bai taɓa taka mata birki ba.

Sai na yi tambayar da ke raina. Ubana ya tafi Makka a ƙasa ina 'yar shekara bakwai. Na riƙe mashi gora har bakin gari. An ce an gan shi a hanyar gabas yana noma ma mutane don ya samu guzuri, daga nan ba a sake jin ɗuriyarshi ba.

"Makka fa?" na ce.

Ya daɗe yana zane wannan karon.

"Minti biyu, Inna. Kafin ki gama alwala."

Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu. Da na fito ya share zanen da ƙafarshi, ya rage murya ya ce, "Inna, wannan ni da ke ne. A aji da kilomita nake faɗa ma yara, su rubuta, su tashi su manta, ba uban da ya taɓa zuwa ya tambaye ni. Amma in aka ji shi da Faskari da Makka, kowa zai gane, kuma Baba da rana yake aiki." Na ce mashi ni yarinya ce da zai koya mani riƙe magana?

Kwana tara na riƙe. Ran na goma aka yi suna a 'Yargoje gidan ƙanwata. Na shiga na tarar ba wanda ya matsa mani a tabarma. Mata duk sun kewaye wata Hajiya Kulu, matar wani dillalin shanu, wadda ta dawo daga aikin hajji a jirgin sama da haƙorin Makka a bakinta. Tana ba da labari, kuma wallahi ba ta iya ba, tana farawa daga tsakiya tana komawa baya, amma ko tari ba mai yi. Na zauna a gefe kusa da takalma. Ni Hurera, kusa da takalma. Hajiya ta ce sun tashi da safe, kafin la'asar suna ƙasa mai tsarki, mata suka ɗauki salati.

"Safe zuwa la'asar?" na ce daga inda nake. "Ashe jirgin naku jaki ne."

Duk aka juyo. Na miƙe na karɓi ƙwarya da zare, na yi masu yadda Sada ya yi mani, ban tsallake komai ba. Na sa amaryar jego ta yi sallama na ce ta isa Faskari. Na ce da gudun da ƙasar nan ke yi da mu, kafin Hajiya ta gama alwala an wuce da ita Makka, ba fasfo ba allura. Gidan ya kaure. Wata tsohuwa ta riƙe ginshiƙin rumfa ta ce a taimake ta jiri take ji. Hajiya Kulu ta tsuke baki ta rufe haƙorin.

"Hurera, gishirin yau ya yi yawa," in ji ƙanwata tana share hawayen dariya.

Da na yi shiru a nan, da an tashi an ce Hurera ta sake yin halinta. Amma na ce, "Ba nawa ba ne. Ɗana Malam Sada ya auna da agogo, a littafin gwamnati yake. Rana tana tsaye, mu ke gudu."

Kafin ranar kasuwa ta zagayo maganar ta riga ni komawa Ƙanƙara. Ba ni aka tara ba, ba Sada ba, Malam aka tara. Ya fito zai taka inuwarshi, sai wani mahauci ya ɗaga murya daga rumfa.

"Ladan, riƙe bango, an ce tana gudu!"

"Allah gafarta Malam, in an zo Makka a ce ma direba akwai mai sauka!" in ji mai shayi.

Samarin nan masu agogo suka samu abin yi. Su tsaya a bayanshi yana taku suna ƙirga mashi da ƙarfi, in ya kai bakwai su ce ai tuni an wuce Sabuwa, sai ya sake. Wasa ne a wurinsu. Amma dattijai ba su ɗauke shi wasa ba. Aka fara cewa a zaure-zaure, mutumin da a cikin gidanshi ake koyar da cewa rana ba ta tafiya, da wace rana yake kira mana sallah? Wasu suka ce a sayo agogon bango a huta. Malam bai ce mani komai ba har kwana shida, sai dai tuwonshi na dawowa yadda na kai shi.

Ran na bakwai, bayan azahar, ya shigo tsakar gida ya kife turmi ya zauna a kai. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ya zauna a tsakar gida da rana ba.

"Hurera."

"Na'am, Malam."

"Liman zai zo da dattijai bayan la'asar. Na roƙe shi ya fara aiko matarshi wurinki. In ta zo, ki ce mata tatsuniyarki ce. Ki ce yaron ya faɗi wani abu na makaranta, ke kika ɗora Faskari da Makka. Kowa ya san halinki, za a yi dariya a tashi. Ba wanda zai kira shi."

Ku duba ku gani, jikokina. Mutumin da ake cewa mai taurin zuciya, shi ya nemo ƙofar da za mu fita duka mu uku ba wanda ya ji rauni. Bai ce Sada ya ƙaryata littafinshi ba. Bai tambaye ni ma ko gaskiya ne ba. Ni ya roƙa, kuma abin da ya roƙa ina yin shi kyauta kowace rana.

"Wato in ce na yi ƙarya," na ce.

"Ki ce kin yi gishiri."

"Shekara talatin ana ce mani maƙaryaciya ina dariya. Rana ɗaya tak na faɗi magana yadda aka ba ni, ko ƙwayar gero ban ɗora ba, ita ce za ka ce in tofar?"

"Ba don ni ba, Hurera. Don yaron."

"Yaron ya fi duk masu zaman zauren nan sani. In suna da tambaya ga shi nan, su tambaye shi."

Ya dube ni. Sannan ya tashi ya mayar da turmin yadda ya same shi, ya fita. Matar Liman ta zo, mace mai kirki, har tana sa mani maganar a baki, tana cewa ai mun san ki Hurera, halan dai wasa kika yi. Na ce mata ba wasa, a bakin ɗana na ji, in an isa a kira shi. A lokacin ji nake ina kare shi. Ban ga cewa na ɗauke shi da hannuna na aje a gaban mutane ba.

Bayan la'asar suka cika zauren gidanmu. Na tsaya a bayan katanga inda nake jin komai. Liman dattijo ne mai sanyin hali, bai zo da faɗa ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Sada, mun san mahaifiyarka da iya zance. Halan ta ɗan yi ƙari a kan abin da ka faɗa?"

Ga ƙofar an sake buɗe mashi, sai dai yanzu in zai fita ta nan, sai ya taka ni. Ya san na riga na tabbatar ma matar Liman.

"Allah gafarta Malam, Inna ba ta ƙara komai ba. Yadda na faɗa haka ta faɗa."

"Kai kuma ka yarda da shi?"

"Na yarda. Ban ga ya rage ma Allah komai ba, ikonshi ma ya ƙara nuna mani. Awon da Baba ke yi kuma daidai yake, ko wace ce ke tafiya inuwar ba ta canjawa."

Da ya tsaya a kan na yarda, wataƙila da sauƙi. Amma ɗa ya zauna gaban dattijai yana ba da shaidar cewa aikin ubanshi daidai ne, kamar mai duba littafin ɗan aji, wannan ne ya karya Malam. Wani a cikin zauren ya yi 'yar dariya ya ce, to Ladan, ka ci jarrabawa. Sai na ji muryar Malam, ba ta ko rawa.

"Ni gidana a tsaye yake, nan ubana ya bar shi. Wanda tashi ƙasar ke gudu, ya bi ta."

Washegari Sada ya je ofishin ilimi ya nemi a canja mashi wurin aiki, ko'ina ne. Lokacin ana neman malamai a ƙauyukan kudu, cikin mako biyu takarda ta fito, Sabuwa. Ranar da zai tafi ya ɗaure akwatinshi a bayan keke zai kai tasha, ya durƙusa a ƙofar ɗakin ubanshi ya yi sallama sau uku. Malam na ciki, ina jin ƙarar tasbaharshi. Wurina ya zo ya ce, "Inna, ki yafe mani." Ni ya ce ma haka. Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa magana ba, na ce mashi ya riƙa rufe kai in ana ruwa.

Korar ba ta sayo ma Malam komai ba. Ba a rufa wata uku ba aka rataya agogon bango a masallaci, wani ɗan kwangila ya kawo sadaka. Ba wanda ya ce ya sauka. Shi da kanshi ya wayi gari ya ce ma Liman muryarshi ta gaji, a ba wani. Ya koma gona. In an kira sallah ya kan ɗaga kai ya dubi rana, wani lokaci in ga leɓenshi ya motsa, amma ba ya cewa an yi daidai ko an yi kuskure. Ni kuwa sai a lokacin na saɓi mayafi na tafi gidan Liman, na ce ma matarshi na tuna, ashe ni na ƙirƙiri zancen Faskari. Ta kama hannuna ta ce, "Hurera, ai ɗanki ya riga ya wanke ki a gaban maza." Ta ba ni goro na dawo.

Shekara huɗu aka yi haka. Sada ya yi aure a can, ni na je, ubanshi bai je ba. Sallah biyu ya zo gida. Malam ya kan amsa gaisuwa a zaure kamar ta baƙo, lafiya lau, madalla, sannan ya ɗauki fartanya ya fita, ranar sallah guda. Ni da Malam ba mu taɓa tada maganar ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga mani murya ba, da ya yi da na samu sauƙi. Na daina zuwa gidan suna sai dole. In mata suka ce Hurera ba mu labari, in ce kaina ke ciwo.

A damina ta biyar ƙafafunshi suka kumbura, ya kwanta. Ranar da zai cika, da hantsi ne, ina zaune kusa da kanshi ina mashi fifita. Na ga alamar tafiya. Na sunkuya na ce, "Malam, Sada fa?" Bai amsa ba. Na sake. Na uku na ce, "Malam, laifina ne, ba nashi ba. Ka ce wani abu in kai mashi." Ya juya fuska wajen bango. Can ya ce, "Jinkar rumbun nan ta zame. A gyara kafin ruwa ya sauko." Daga nan sai kalmar shahada. Kafin la'asar an kai shi.

An ba wani direba saƙo, amma ruwa ya cinye hanya, sai washegari da azahar Sada ya iso, wandonshi duk laka har gwiwa. Ya fara zuwa maƙabarta, sannan ya shigo ɗakin da nake zaman takaba. Ya zauna a bakin ƙofa. Ya rame, ga furfura ta fara fito mashi, yaron da bai kai talatin da biyar ba. Mata suka fita suka bar mu.

"Inna, ya ambace ni?"

Na dube shi. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya buɗe.

"Ya ambace ka. Ya ce in faɗa maka ya yafe, duniya da lahira. Ya ce Allah ya yi maka albarka."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Sau biyu."

Ya kife fuska a gwiwa ya yi kuka irin na yara. Da ya gama ya nemi ruwa ya wanke fuska, ya ce yunwa yake ji, rabonshi da abinci tun da saƙo ya same shi. Na sa aka kawo tuwo ya cinye tas.

Ya ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya a kan wannan maganar. Ɗanshi na gaba ya sa mashi sunan Malam. Duk zuwan da zan yi Sabuwa sai ya sa na maimaita mashi yadda aka yi, ina ne Malam ya kalla, da wace murya ya faɗa, ni kuma in ba shi, ban taɓa saɓa ko kalma ba. Har na rufe mashi ido ban warware ba. Ba wanda ya san wannan sai yau.

Na faɗa maku ne don kada ku ci gaba da rabon laifi tsakanin matattu biyu da ba su da shi. Kakanku ya nemi ya ceci ɗanshi, Sada ya ƙi ya kunyata uwarshi, wadda ta rage ku kun san ta. Ku na Ƙanƙara, akwai mota kullum yanzu, ku je ku gaida 'yan'uwanku tun ina da ran da zan ji an ce kun je. Ni kuwa na kusa. Na tambayi malamai hukuncin irin maganar da na yi ma Sada, wani ya ce sulhu ne, wani ya ce in yi ta istigfari, ina kuwa yi. Amma in na idar da sallah na ɗaga hannu, abin da ke fitowa daban ne. Su biyun sun riga ni isa. Roƙona shi ne, in yaron ya je ya durƙusa yana godiya, Malam ya rufa mani asiri, ya ce eh, ya faɗa.